Fiyano ko org: wanne ya dace da ƙaramin hannu ko mai rauni?

Ranar wata Juma'a bayan la'asar Yaya ta kira ni daga Makka. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Auta, 'yarka ta hana ni sakat, wai fiyano take so. Mun shiga kanti an nuna mana iri biyu, wani dogo mai nauyi, wani irin naka na biki. Ga hannun nata kamar na 'yar tsana. Wanne za mu ɗauka?" Na ce kada ta fitar da ko riyal ɗaya, ta nemo rula tukuna.

Da dalilin da ya sa ni ta kira. A Wad Madani aka haife mu, can na koyi org, wato ƙaramin allon kiɗan nan na lantarki mai maɓallai da ake kaɗawa a biki, tun ina ɗan shekara goma sha uku, ina bin manya gidajen biki ina ɗaukar musu waya da lasifika har aka fara sakar mini maɓallai in dare ya yi nisa. Da na zo Jidda neman abinci na shiga aikin tagogin alminiyam da gilashi. Shekara shida ke nan da wani fallen gilashi ya suɓuce ya yanke ni a wuyan hannun dama, ta gefen ƙaramin yatsa. An ɗinke jijiyar, Alhamdu lillahi, amma ƙaramin yatsa da na zobe sun ɗan ƙanƙame, ba sa buɗewa gefe, in sun taɓa abu kuma kamar ta cikin safa nake jinsa. Har yau ina kaɗa org a bukukuwan 'yan'uwa, yatsu uku a dama, biyar a hagu. Maganar halaccin kiɗa na bar wa malamai. Wanda ya riga ya ƙudura zai koya, hannunsa kuma na ba shi matsala, shi nake wa bayani.

Ga amfanin rula. Fiyano na gama-gari, na katako ne ko na lantarki, awonsa kusan ɗaya ne a ko'ina: daga "do" zuwa "do" na gaba, abin da makaɗa ke kira oktaf, santimita 16.5 ne, kowane farin maɓalli kuma kimanin milimita 23.5. Wannan awo ya zauna ne a ƙarshen ƙarni na 19, daidai da hannun manyan makaɗa maza na Turai. Fiyanon zamanin Mozart, makaɗin ƙarni na 18, maɓallansa ba su kai na yau faɗi ba. Takalmi lamba ɗaya aka ɗinka wa duniya baki ɗaya, wanda ya yi masa yawa sai ya cusa tsumma.

Ka kifa hannu a kan tebur, ka buɗe shi iyakar inda bai yi maka zafi ba, ka auna daga kan babban yatsa zuwa kan ƙarami. A 2015 wasu masu bincike 'yan Ostareliya sun fitar da awon hannun makaɗa fiyano 473. Matsakaicin na maza santimita 22.6, na mata 20.1. A lissafinsu sai hannu ya kai 21.6 kafin ya iya kama farare goma, ya kuma yi gudun oktaf ba tare da ya ɗaure ba, kuma mata kimanin 87 cikin ɗari ba su kai nan ba, maza kuwa kusan ɗaya cikin huɗu. Da Yaya ta auna na yarinyar, mai shekara goma sha biyar, aka sami santimita 18. Tana kama oktaf, amma a can bakin maɓalli, da ƙyar. Nawa na hagu 22 ne, na dama in na haɗa da mataccen yatsan bai wuce 15 ba.

Kafin a shiga kanti sai mutum ya san irin matsalarsa, don iri uku ce kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai hannu lafiyayye amma ƙarami. Akwai wanda ya ji rauni ya warke da tawaya, ko aka haife shi haka, abin ya tsaya inda ya tsaya. Akwai kuma hannu mai ciwo a yanzu.

Na ukun nan ba fiyano ba org, asibiti ya nufa. In babban yatsa da manuniya da na tsakiya suna maka sanyi ko suka kamar allura, musamman da dare har ka farka kana yarfa hannu, yawanci jijiyar ji ce ta matsu a wuyan hannu. In ƙaramin yatsa da na zobe ne, a duba gwiwar hannu. In yatsa na maƙalewa in ka lanƙwasa sai ka ja shi ya yi "ƙas", jijiyar da ke jan yatsan ce ta kumbura, kuma ya fi kama masu ciwon sukari, wanda ba baƙo ba ne a gidajenmu na nan. Likita zai iya tura ka awon jijiya, abin da Larabawa ke kira "takhɗiɗ", daga nan wurin masu gashin ƙashi. Ban hana kowa shafa man zaitun ko zuwa ƙaho ba, ni ma na yi, amma ba su ne za su gaya maka inda jijiya ta matsu ba.

Wanda ya fi ban tsoro ma ba ya ciwo. Leon Fleisher, fitaccen makaɗin Amurka, yana da shekara 36 a 1964 ya ga ƙaramin yatsansa da na zobe a hannun dama suna naɗewa cikin tafi da kansu in ya zauna kiɗa. Sai ya ƙara awannin atisaye wai ya ƙarfafa su, abin ya daɗa lalacewa. Daga baya aka gane cutar distoniya ce, saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa yatsu ne ya rikice. Shekara kusan talatin ya yi yana kaɗawa da hagu, yana koyarwa, kafin allurar Botox da tausa ta musamman su mayar da shi kan hannu biyu a tsakiyar shekarun 1990. Tun gabaninsa Robert Schumann na Jamus ya yi amfani da wata na'urar miƙar da yatsu a farkon shekarun 1830, hannunsa na dama ya lalace, ya bar dandamali ya koma rubuta kiɗa. Likitoci har yau suna gardama ko na'urar ce sila, amma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Na faɗa wa Yaya da babbar murya: duk malamin da ya ce yarinya ta riƙa cusa ƙwallo tsakanin yatsu ko ta danna su a gefen tebur don su buɗe, a sallame shi ranar. Ƙashi ba roba ba ne.

To, ga mai ƙaramin hannu da mai tawayar da ta tsaya, yanzu ne maganar saye ta taso.

Fiyanon katako na cire shi tun farko. Yakan kai kilo 200, sai an kira mai gyaran sauti lokaci-lokaci, raɓar Jidda ba ta barin katako lafiya, kuma a gidan haya na bene maƙwabta ba za su yafe maka ba. Dogon da aka nuna wa Yaya na lantarki ne mai kwaikwayon na katako: maɓallai 88, farare 52, baƙaƙe 36, a ƙarƙashin kowanne da ɗan ƙarfe mai nauyi kamar guduma. Nauyinsa duka kilo 11 zuwa 15 ne, ana sa masa abin ji na kunne a yi atisaye tsakar dare ba wanda ya sani. Kowane maɓalli yana son nauyin kusan giram 50 kafin ya sauka, ya nutse kamar santimita ɗaya. Giram 50 ba komai ba ne sai ka tuna sau dubbai za ka danna a zama ɗaya. Kuma a fiyano ba mai taimakonka. Bas, wato sautin ƙasa mai kauri, kai ne, kord, wato sautukan da ake dannawa tare, kai ne, waƙar kai ce, in yatsa ya gaza sai a ji gurbi.

Abin da yake bayarwa kuwa org ba ya bayarwa. Nauyin nan shi ke ba yatsa ikon sarrafa murya, daga raɗa zuwa tsawa, kuma shi ke koya wa mutum ya sauke nauyin damtse a kan maɓalli maimakon ya riƙa tsinka da yatsa. Wannan ce hanyar da Dorothy Taubman, malamar fiyano a New York, ta yi suna da ita wajen farfaɗo da makaɗan da suka ji ciwo: hannu ya juya daga gwiwa kamar mai murɗa makulli, damtse ya kai yatsa inda za shi, yatsa kada ya miƙa neman maɓalli. Ƙaramin hannu da ya koyi wannan yakan wuce babban hannun da bai koya ba.

Mai kanti zai ce maka ai ana rage nauyin, ga wurin dannawa. Gaskiyarsa rabi ce. Abin da yake nuna maka yana sa sauti ya fito da ƙarfi ko da ka taɓa a hankali, amma ƙarfen da ke ƙasa yana nan da nauyinsa. Yana da amfani ga hannu mai rauni tunda ba sai ka doka ba, sai dai kada a sayar maka da shi a matsayin maɓalli mara nauyi.

Org kuwa, yawanci maɓallai 61, sifirin ne a ƙarƙashinsu, taɓawa kaɗan sun sauka. Da yawa daga cikin na Yamaha oktaf ɗinsu ya gaza na fiyano da kusan rabin santimita, wanda ga mai hannun santimita 18 ba abin rainawa ba ne. Amma babban sirrinsa shi ne rabin aikin injin ke yi. Ka zaɓi kiɗan ganga, tumtum na Sudan ko khubaiti na Hijaz, hagu ta danna kord, shi kuma ya kawo bas da ganga da goge. Akwai tsarin yatsa ɗaya: a na Yamaha, maɓalli guda ya ba ka babban kord, ka haɗa shi da baƙin maɓallin da ke hagunsa ya ba ka ƙarami, ka haɗa da fari na hagunsa ya ba ka na bakwai. Wanda yatsa biyu kawai suka rage masa a hagu zai iya riƙe biki har asuba. A manyan samfura ana iya matsar da iyakar da ta raba hagu da dama, har a mayar da aikin kord hannun dama in can ne raunin yake.

Ni abin da ya cece ni abu biyu ne, maɓallin ɗaga sauti da sauke shi, da kuma yanayin kiɗanmu. Kiɗan Sudan a kan tsani mai hawa biyar yake tafiya, "khumasi" in ji Larabawa, kuma kunnen Bahaushe ba ya jin baƙunta a cikinsa, shi ya sa irin su A'isha al-Fallatiya, 'yar Hausawan Kassala, suka yi fice a rediyon Omdurman tun shekarun 1940. Sauti biyar ne a oktaf: do, re, mi, sol, la, duka farare. Bayan an kwance mini bandeji na zauna wata uku ina sake koyon waƙoƙin da na sani tun ina yaro, da babban yatsa da manuniya da na tsakiya kawai. Daga mi zuwa sol akwai tsallake, da can yatsan zobe ke ɗauka, yanzu hannun gaba ɗaya nake zamar da shi gefe kamar mai guga. Duk waƙar da mawaƙi ya ɗauko, ko a wane tsayin murya, ni a "do" nake kaɗa ta, sai in danna injin ya kai ta inda muryarsa take. A fiyanon koyo wannan ha'inci ne. A filin biki ƙarfe biyun dare, amarya na rawa, ba wanda ya taɓa zuwa ya ƙirga mini yatsu.

Ga mazaunin Saudiyya akwai ƙarin dalili. Maƙamai, wato tsanukan kiɗan Larabawa, irin su Rast da Bayati da Sika suna da rubu'in sauti, wanda yake faɗawa tsakanin farin maɓalli da baƙi. Fiyano ba shi da shi. Org na gabas, irin su Yamaha PSR-A da Korg Pa da aka yi wa kasuwar Larabawa, suna da jerin ƙananan maɓallai na sauke kowane sauti da rubu'i. Wanda burinsa kiɗan Larabawa ne, ko da hannunsa ya kai faranti, org ne kayan aikinsa.

Sai dai araha ba ta ado. Org yana sangarta hannun hagu. Na ga samari da suka shekara biyar a kansa, aka zaunar da su gaban fiyano hagunsu ta tsaya kamar ta baƙo, don ba ta taɓa yin komai ba sai danna kord ta jira. Sauƙin maɓallin ma yana da tarko: tunda ba ya tare yatsa, mai zafin hannu yakan doka har ƙasa da ƙarfi, kuma kiɗan biki gudu ne da kwalliya a hannun dama awa huɗu a tsaye, wuyan hannu a lanƙwashe saboda ƙafar org ta yi tsawo ko ta yi gajarta. Makaɗan biki masu ciwon hannu da na sani sun fi masu fiyano yawa, ko da yake su na fi sani.

Akwai hanya ta uku wadda a takarda ita ce ta fi. Josef Hofmann, babban makaɗi ɗan Folan mai ƙaramin hannu, kamfanin Steinway ya ƙera masa fiyano mai tsukakkun maɓallai tun farkon ƙarni na 20. A shekarun 1990 wani makaɗi ɗan Kanada, Christopher Donison, da wani mai masana'anta a jihar Pennsylvania, David Steinbuhler, suka fito da awo na dindindin: DS6.0 mai oktaf santimita 15.2, da DS5.5 mai 14.1. Yi lissafi da kanka: farare bakwai a fiyano na gama-gari, tazararsu daidai take da farare takwas a DS5.5. Wato yarinyar Yaya za ta kama oktaf a sake, ta taɓo tara ba wahala. Matsalar samu ce da kuɗi. Yawanci sai kana da fiyanon katako a ƙera maka jerin maɓallan a Amurka a turo, manyan kamfanonin na lantarki kuma ba su zuba irinsa a kasuwa ba. Na zaga kantunan Jidda ban ci karo da shi ba. Kada kuma a ruɗe ka da ƙananan maɓallai irin na Korg microKEY ko Yamaha Reface. Suna da kyau wajen haɗa kiɗa a kwamfuta, amma gajeru ne, ba nauyi, yatsa mai kauri ba ya shiga tsakanin baƙaƙensu. Wani kaya ne daban.

Abin da ya rage, kuma kyauta ne, shi ne a gyara kiɗan ya dace da hannu. Kord ɗin da hannu bai kama ba a warware shi daga ƙasa zuwa sama da sauri, feda, abin takawa da ƙafa, ta riƙe sautin. Sautin da aka maimaita sama da ƙasa a zubar da ɗaya, kunne ba ya nemansa. Abin da aka rubuta wa dama, in hagu na kusa ta karɓa. Sannan a zaɓi marubuta: kiɗan Bach da Mozart da Clementi da wuya ya nemi fiye da oktaf, alhali Rachmaninoff, wanda hannunsa ke kama farare goma sha biyu, da awon hannunsa ya yi rubutu. Shekarun koyo na farko cike suke da kiɗan da hannun santimita 18 zai ɗauka.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma yana ɗaukar fiyano. Paul Wittgenstein na Ostiriya ya rasa hannun dama a yaƙin duniya na farko a 1914, ya dawo ya biya manyan marubuta kiɗa suka rubuta masa na hagu zalla. Wanda Maurice Ravel ya rubuta masa, aka fara kaɗawa a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1932, in ka rufe ido ba za ka ce hannu ɗaya ba ne. Nicholas McCarthy na Ingila ba hannun dama aka haife shi, ya kammala Royal College of Music ta Landan a 2012. Dalilin da ya sa hagu ta fi dacewa da zama ita kaɗai, babban yatsanta yana ɓangaren sautuka masu zaƙi, shi ke rera waƙar, sauran huɗu suna rakiya a ƙasa. Na gwada, na ji daɗinsa, amma in gaya maka gaskiya aiki ne na ƙarti: sai maɓallai 88 da feda mai kyau, kuma aikin hannu biyu aka ɗora wa ɗaya. Wanda hannu ɗaya ya rage masa ya yi tattalinsa, ya huta duk bayan minti ashirin ko talatin.

Da na koma wa Yaya na tambaye ta abu ɗaya: me yarinyar ke saurare? Ta ce fiyano zalla a YouTube, ba ganga ba waƙa, kuma tana ta maganar azuzuwan da aka buɗe a Jidda tun bayan kafa hukumar kiɗa ta Saudiyya a 2020. Na ce to magana ta ƙare. Hannunta lafiyarsa ƙalau, ƙanƙanta ce kawai, a saya mata mai nauyi, a nemo malama wadda ba za ta tilasta mata oktaf ba, a haɗa da kujera mai hawa da sauka don damtsenta ya yi daidai da maɓallai. In an ba ta org yanzu za ta yi murna wata shida, bayan nan sai an kwance abin da ta koya. Ga irina kuwa, mai yatsun da ba za su dawo ba kuma abincinsa a biki yake, org. Ga dattijo mai amosanin gaɓoɓi da ke son ya ɗebe kewa bayan isha'i, shi ma org, da tsarin yatsa ɗaya, ba kunya a ciki. Mai neman na hannu a shafin saye da sayarwa na Haraj ko kasuwar Sawarikh ta Jidda ya danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya kafin ya biya, a hankali sannan da ƙarfi, don robar da ke ƙarƙashi ita ke fara mutuwa.

Asabar ɗin da ta biyo baya suka zo Jidda muka shiga kanti tare. Na sa yarinyar ta zauna minti ashirin cur, mai kanti na ta duba agogo. Na nuna mata baƙaƙen maɓallai, biyu da uku, na ce ta taka su yadda ta ga dama. Ta taka, ta ɗago da sauri ta ce, "Kawu, wannan ai kiɗan gidanmu ne!" Na ce haka ne Uwata, baƙaƙen nan biyar su ne khumasi. Sai ta matsa gefe ta ce in kaɗa mata. Na kaɗa da yatsuna uku, wajen minti biyar wuyan hannuna ya fara ja, na miƙe na ba ta wurinta.

Kwalin da ƙyar ya shiga motar mijin Yaya, sai da aka kwantar da kujerar gaba. Kujerar fiyanon ba ta sami wuri ba, tana nan ɗakina, ni zan kai musu Makka ranar Juma'a in Allah ya kai mu.